Cinyar Kaza Mai Zuwa Aiki

Akwai wani tela da abokan aikinsa ke kira Almakashi. Ya iya yanka yadi kam, amma ba wannan ne ya jawo masa sunan ba. Bakinsa ne. In ya sa mutum a gaba da zolaya, sai ya yi masa gunduwa-gunduwa yana ƙyaƙyata dariya.

Shagon da yake aiki ɗaki ne mai tsawo, kekunan ɗinki a jere jikin bango, da babban teburin yanka a tsakiya. Da rana ta take, sai a ture yadi da alli da tef gefe guda, kowa ya buɗe kwanon abincinsa a kan teburin. Nan ne fagen Almakashi. Kullum da nama a kwanonsa, kuma ba ya kai shi baki sai ya ɗaga sama kowa ya shaida.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne ƙaramin telan da ke keken ƙarshe, kusa da dutsen guga. Bawan Allah ne marar hayaniya, abincinsa kullum wake da kabeji da karas. Almakashi ne ya laƙaba masa suna Zomo, sunan kuwa ya bi shi.

"Zomo, yau gonar wa aka yi wa ɓarna?" Haka zai fara. "Matso in duba kunnuwan nan, na ga kamar sun ƙara tsawo."

Sai Zomo ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ni dai in na ƙoshi shi ke nan."

Ana nan, sai mai gidan da Almakashi ke haya ya ƙara kuɗi, ƙari mai zafi. Ya kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in wa'adi ya cika ba a biya duka ba, akwai masu jiran gidan. A gidan nan aka haifi 'ya'yansu biyu, kuma makarantar da matarsa ke koyarwa tana bayan layin.

Matar tasa mace ce mai haƙuri, amma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta zaunar da shi a falo ta ce, "Abban yara, na juya maganar nan ta ko'ina. Makarantar yara ba ta taɓuwa. Wuta da ruwa ba sa taɓuwa. Tukunya kaɗai ta rage mana."

"Me tukunya ta yi?"

"Nama zai tafi hutu."

Almakashi ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi da allura. "Ni? Ni ne zan koma cin ganye? Kin kuwa san abin da nake ce wa Zomo a shago?"

Ta ce, "Na sani sarai. Ka ga ka sami abokin kiwo."

Daga wannan makon ta sauya tsarin gidan. Ranar da ba ta zuwa makaranta sai ta shiga kasuwa dab da tashi, lokacin da masu kayan lambu ke neman rabuwa da kayansu su tafi gida. Ta jiƙa wake tun da wuri, ta ɗora manyan tukwane biyu, ɗaya wake da kabewa da albasa mai yawa, ɗaya miyar ganye da gyaɗa da dankali. In sun huce ta rarraba a robobi, na kowace rana daban, ta jera a firiza. Gas ya daina ƙarewa da wuri, sayen abincin waje ya tsaya cak.

Abin da ya fi ba Almakashi haushi shi ne abincin da daɗi. Ya so ya sami abin kushewa, ya rasa. Yana ci yana tsuke fuska, yana kuma miƙa faranti a ƙara masa.

Amma shago fa? Da wane ido zai buɗe kwanon wake a gaban Zomo?

Sai dabara ta faɗo masa. A hanyar dawowa gida ya tsaya ya sayi cinyar kaza guda ɗaya tak. Ya shiga kicin da kansa, abin da bai saba ba, ya soya ta har ta yi ja.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Wannan fa ta mece ce?"

Ya ce, "Ta aiki ce. Kada wanda ya taɓa ta a gidan nan."

Jama'a, ku ji yadda cinyar nan ta kama aiki. Da safe Almakashi zai ciro ta daga firiza, ya ɗan jefa ta a mai ta yi sheƙi, ya kwantar da ita a saman wake ya rufe. In an zauna cin abinci a shago, sai ya buɗe kwanon a hankali, ya ɗaga ta sama, ya shinshina, ya lumshe ido. Daga nan ya ajiye ta a gefe, ya jingine murfin kwanon ya kare gabansa, ya dinga ɗura wake a bayan murfin da sauri da sauri.

In an ce ya ci naman mana, sai ya ce, "Ni ba na gaggawa da nama. A ƙarshe nake cinsa, a tsanake." Da kowa ya koma kan kekensa, sai ya rufe kwano da cinyarsa a ciki. Da yamma ta koma firiza ta huta.

Kuma kada ku ɗauka ya sassauta wa Zomo. Da wake cike da bakinsa yake tambayarsa ko an bar wa awaki nasu rabon.

Mako ya bi mako. Cinya ta fara nuna gajiya. Ta motse, ta yi duhu, fatar ta manne da ƙashi.

Akwai wani tela a shagon da ake kira Dogo, mutum ne mai sa ido. Wata rana ya ƙura wa kwanon ido ya ce, "Wai ni Almakashi, kajin unguwarku duk ƙafar hagu gare su? Ban taɓa ganin ka zo da ta dama ba."

Bakin nan na Almakashi bai ba shi kunya ba. "Mai kazata ya san ta hagu nake so. Ta fi laushi. Kai da ba ka saba ba ina za ka sani?"

A gida kuwa matarsa ta daina yi masa faɗa, ta koma tsokana. In ta ga yana jefa cinyar a mai sai ta ce, "Baiwar Allah nan ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa fashi ba. Ya kamata mai shagonku ya yanka mata albashi."

Sai dai bayan dariyar akwai damuwa. Tattalin da take yi ya tara abin kirki, amma wa'adi na matsowa kuma da sauran giɓi. Ta faɗa masa gaskiya, in bai sami wani aiki na gefe ba, sai dai su fara neman kwalayen haɗa kaya.

Kwatsam sai ga wata makaranta ta kawo wa shagon ɗinkin kayan ɗalibai. Aiki ne mai yawa, wanda za a yi bayan an tashi, kuma ladansa na wanda ya ɗinka ne. Almakashi ya fi kowa sauri a shagon, kowa ya san haka. Tun kafin a ce komai ya buga wa matarsa waya ya ce ta kwantar da hankalinta, gida ya zauna.

Mai shagon dattijo ne mai tausayi, duk telolin Baba suke ce masa. Ya fito lokacin cin abinci, ya tsaya a bakin teburin yanka, daidai lokacin da Almakashi ya ɗaga cinyarsa sama yana shinshinawa.

Dattijon ya ce, "Na kwana ina tunanin aikin makarantar nan. Almakashi, kai ka fi kowa hannu, ba musu. Amma kai Allah ya rufa maka asiri. A wannan tsadar, mutumin da ke cin kaza kullum ba ya cikin matsi. Shi kuwa yaron nan, tun da ya zo shagon nan ban taɓa ganin tsoka a kwanonsa ba. Zomo, aikin naka ne."

Almakashi ya sauke cinyar a hankali. Ya tuna wayar da ya buga ɗazu, ya tuna muryar matarsa tana hamdala. In ya yi shiru, girmansa na nan, gida ya tafi. In ya yi magana, ya san Dogo ba zai bar shi ya sha ruwa ba har ya tsufa.

Ya miƙa wa dattijon cinyar ya ce, "Baba, don Allah karɓi wannan."

"A'a, na ƙoshi, ci abinka."

"Ba ci za ka yi ba, Baba. Ƙwanƙwasa ta za ka yi a tebur."

Dattijon ya karɓa yana mamaki, ya buga ta a teburin. Ƙwas! Ya sake bugawa. Ƙwas! Kai ka ce guntun katako ne.

Almakashi ya kwantar da murfin kwanonsa, wake da kabewa suka bayyana. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ita ce dai guda ɗayar nan tun watan jiya. Da ita nake zuwa, da ita nake komawa. Ni ma wake nake ci, Baba. An ƙara mana haya, in ban cike ba za a tashe mu."

Sai Dogo ya ce, "Ashe shi ya sa kullum ta hagu!" Ya faɗi kan tulin yadi yana riƙe ciki. Shago ya kaure da dariya. Wani ya ɗauko almakashin yanka ya gwada ta, ta ƙi yankuwa. Mai shagon kansa sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

Da ya natsu ya ce, "Ka ba ni tausayi, ka kuma ba ni haushi. Amma na riga na yi magana a gaban mutane, ba zan janye ba. Aikin na Zomo ne."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba a shagon. Zomo ya rufe kwanonsa ya ce, "Baba, in ka yarda, keke ɗaya ba zai gama aikin nan a kan lokaci ba. Ni zan riƙe wanduna. Yaya ya fi ni iya wuyan riga, ya riƙe riguna. Ladan a raba biyu."

Dattijon ya ce, "Aikinka ne, yadda ka so."

Sai da aka watse Almakashi ya lallaɓa keken ƙarshe, ya tsaya yana murza tef a hannu.

"Ƙanena, ka sani dama?"

"Tun makon farko, Yaya. Murfin kwanon gabanka yake karewa, ni kuwa a gefenka nake zama."

"Ina ci maka fuska da wake a bakina, ka sani, ba ka tona ni ba?"

Zomo ya ce, "Na ga abin ya ishe ka haka nan. Ni dai abin da na so in tambaya na kasa shi ne, me maman yara take sa wa wakenta? Ƙamshinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba."

Da yamma Almakashi ya koma gida ya kwashe komai ya faɗa wa matarsa, bai rage ba. Ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta auna abin a ranta, ta ce rabin ladan ma zai kai su, da ƙyar dai, in tukwanen nan biyu suka ci gaba da aikinsu. Gida ya tsira.

Almakashi ya ciro cinyar daga kwano ya nufi kwandon shara. Sai ya ji an riƙo masa riga. Autarsu ce, 'yar shekara biyar, yayanta na tsaye a bayanta.

"Abba, ta gama zuwa aikin?"

"Ta gama, Auta."

Fuskarta ta washe. "To yanzu za a raba mana? Yaya ya ce in ta gama aiki mu za a ba. Kullum in ka dawo sai mun buɗe firiza mun duba ko tana nan."

Ya dubi abin da ke hannunsa. Ranar da ya sayo ta, da ta ishi yaran nan biyu su ɗanɗana su yi murna. Yau ko kyanwa ba za ta kalle ta ba. Duk dariyar da aka yi masa a shago ba ta taɓa shi kamar wannan tambayar ba, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Ya durƙusa a gabansu ya ce, "Ba za ta ciwu ba. Ta lalace, kuma ni na lalata ta. Ku yafe wa Abbanku."

Darasi: Cin wake da ganye don a rufa wa iyali asiri ba abin kunya ba ne, dabara ce ta masu hankali. Abin kunya shi ne ka raina mai tattali, ka kuma hana na gida don ka burge na waje. Ƙaryar wadata tana iya toshe maka taimakon da kake tsananin buƙata, wanda ka raina kuma wataƙila shi zai tsamo ka. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa 'yan uwa da abokan aiki, ba ka san wanda ke yawo da tasa cinyar a kwano ba.