Tsanin da Ba Ya Kwana Gidan Maigari

Baba, jiya yaran unguwa suka shigo zaurenmu suna wasan hawa tsanin nan naka, na daka musu tsawa. Sai ƙaramarsu, Asabe 'yar gidan Mati, ta ce, "To me ya sa rumbu yake gidan Maigari, tsaninsa kuma yake gidanku?" Na waiga wajen da kake zama don in ce ka ba su labarin. Buzunka kawai na gani. Sai na zaunar da su, na faɗa musu yadda ka faɗa mini.

Dalilin da ya sa tsanin rumbun gari ba ya kwana gidan Maigari, ga shi.

A da can, Kwarin Gawo ba ta da maigari. Kowa da rumbunsa, kowa da kulkinsa a bayan ƙofa. Sai wata shekara ruwa ya ɗauke gero yana fara ciki. Yunwa ta shigo. Mutane suka cinye abinci, suka koma kan irin shuka. Wanda nasa ya ƙare sai ya leƙa rumbun maƙwabci. Aka daina gaisawa a bakin rijiya.

A garin akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki biyu marayu. Dami ɗaya na iri ya rage mata. Ko ɗiban ruwa za ta je, sai ta goya shi kamar jinjiri. Ran nan ta isa gindin gawo inda maza ke zaune kowa yana hararar ɗan'uwansa, ta kwance damin ta dire.

Ta ce, "Ni dai na gaji da goyon gero. Mu haɗa iri wuri guda, mu ba mutum ɗaya ya tsare mana. Mu kuma mu nome masa gonarsa, tunda mai gadi ba ya noma."

Wani ya ce, "Wa za a ba, Iya? Kowa nan yunwa yake ji."

Ta nuna Korau maharbi, ɗan ƙawarta marigayiya, ƙato mai 'ya'ya uku majiya ƙarfi. Ta ce, "Wannan. Ni na wanke shi ranar da aka haife shi. Yana da taurin kai, amma ba ya sata."

Aka gina rumbu mai tsayi a gidan Korau, bakinsa can sama, aka sassaƙa masa tsani na giginya. Kowa ya kawo daminsa, kowa ya ajiye kulkinsa. Korau kuwa ya tsare amana. Da ɓarayi suka zo daga wani gari, shi ya tare su, har suka sare shi a kafaɗa, zangarniya ɗaya ba ta fita ba. Damina ta yi kyau. Aka fara kiransa Maigari, Iya Tabawa tana tafiya bayanta a miƙe.

Amma da shekara ta kewayo, ruwan shuka ya sauka, sai Korau ya hau tsani shi kaɗai, ya zaɓi manyan zangarnu ya ware wa kansa. Ya ce sai an gama shuka gonarsa kafin ya raba iri. Gonar kuwa ta ƙara faɗi. Kwana uku gari yana cikinta da sungumi. Kafin Iya Tabawa ta sami nata, rana ta shanye laimar ƙasa. Ta shuka, ya tsiro jefi-jefi. Abin da ta girbe bai kai su bazara ba, jikokinta suka ƙarasa shekara da tafasa da rama.

Duk da haka ta kai daminta rumbu. Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. In aka maimaita bana, ta san yaran nan ba za su ga wata kaka ba. Kuma ita ta nuna shi da yatsanta.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta bari sai da Korau ya tafi daji da hantsi, ta kira mata huɗu. Suka ɗauki tsanin da rana tsaka, suna nishi suna dariya, suka ratsa gari da shi, suka jingine shi a zaurenta. Washegari ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Korau ya zo da babban ɗansa, gari na biye da su. Ya tarar da ita zaune a gindin tsanin tana kaɗi.

Ya ce, "Iya, ina kwana? An ce tsanina ya yi ƙafa."

Ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Naka ne? Na ɗauka mu muka sassaƙa."

Ɗansa ya ce, "Baba, bar tsohuwar nan. Giginya ta ƙare ne? Kafin azahar na sassaƙo wani."

Iya Tabawa ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Sassaƙo goma, ɗan nan. Ku hau ku kwashe. Amma in kaka ta yi, ku ga wanda zai sake kawo muku dami. Kowa zai koma ya ɗauko kulkinsa, ni kuma in koma goyon gero."

Korau ya dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Saran nan, Iya, don wa na sha shi?"

Ta ajiye mazari. Ta ce, "Don mu. Wallahi ban manta ba, kullum ina sa maka albarka. Amma Korau, tsaro muka ba ka. Ba mu sayar maka da damina ba. Bara jikokina ganye suka ci."

Ya dubi yaran da ke raɓe a bayanta, wuyansu kamar kara. Ƙasa kuwa tana ta shan iska, kowa ya san laima ba ta jira.

Can ya cire takalmansa a ƙofar zaure. Ya ce, "To Iya, ki ara mini tsanin gari."

Ta ce, "Da sharaɗi. A buɗe rumbu a gaban kowa. Marayu da gwauraye su fara karɓa. Kai ne na ƙarshe. In an gama, tsani ya dawo nan."

Ya ce, "In ya ƙare kafin a zo kaina fa?"

Ta ce, "Sai ka san yadda muka ji."

Haka aka yi. Kuma irin ya ƙare. Da aka zo kan Korau, sai tsintsiya aka sa aka sharo masa abin da bai cika rabin ƙwarya ba. Ya karɓa, ya saɓa tsanin a kafaɗar nan mai tabo, ya mayar da shi zauren Iya Tabawa da kansa.

Kwana biyu kowa na gonarsa. A na uku, Korau ya fita da 'yar ƙwaryarsa, sai ya hango mutane cike da gonarsa, ba wanda ya kira su. Iya Tabawa ce a gaba. Ta kwance bakin zanenta ta zuba masa tafi guda na iri. Na bayanta ma haka, har ƙwaryar ta cika ta zube.

Ta ce, "Ka ga wannan mu muka ba ka. Ya fi wanda ka ɗiba daɗi?"

Korau ya yi dariya, yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Iya, ke da kika wanke ni, har yau ba ki gama ba?"

Shi ya sa har wa yau, yara, rumbu yana gidan Maigari, tsani yana gidan jikokin Tabawa. Maigari ba ya hawa sai ya zo ya roƙa, ba ya shuka sai kowa ya shuka, mu kuma ba mu taɓa barin gonarsa ta kwana ba iri ba.

Nan na tsaya musu, Baba. Ban gaya musu cewa ranar sadakar bakwai ɗinka Maigari ya zo da ƙafa, ya tuɓe takalmi, ya shafa matakalar nan ta uku da ka ɗaure da igiyar kaba, ya ce, "Bana wa zan roƙa?" Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na kwance jakar da na zo da ita, ba zan koma birni ba; bana ni zai roƙa. Ko Inna ban faɗa wa ba tukuna.