Giginya da Rabon Toho

Ku ajiye murucin nan ku saurara, ba na magana ana tauna. Dalilin da ya sa giginya take miƙe sambal ba reshe ko ɗaya, hassada ce, ba wani abu ba.

A da tana da rassa kamar kowace bishiya. A zamanin akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, da ke bin itatuwa da ƙwarya a farkon damina tana raba musu idon toho, wato ɗan wurin nan mai laushi inda sabon ganye ke fitowa. Kowace bishiya tafi ɗaya ake ba ta, ta sa a bakin rassanta, saura ta ɓoye a ƙarƙashin ɓawo saboda ɓacin rana.

Zogale kuwa tafi biyu yake samu. Giginya na gefensa tana kallo, zuciyarta na tafasa.

Ta ce, "Gwaggo, wannan siririn da me ya fi ni?"

Gwaggo ta ce, "Haba 'yar nan! Kullum mata na tsinke masa kai su yi kwaɗo. In ban ƙara masa ba, da me zai tsiro?"

To, nan ne ma ciwon yake. Kowace safiya mata na kewaye da zogale suna hira, ita giginya ko kallo ba ta ishe su ba. Sai ta tattara duk idanun tohonta, na rassa da na ɓawo, ta cusa su wuri guda a tsakar kanta.

Ta ce, "Sai na yi tsawon da duk garin nan za a ɗaga kai a dube ni."

Gwaggo ta ce, "Ki bar ko ɗaya a ƙasa mana."

"In bari a tsinke? Allah ya kiyaye!"

Ta yi ta tsawo, rassanta suka bushe suka zube. Da wata daminar ta zo, Gwaggo ta yi ɗage da ƙwarya, hannunta bai kai ba, ta wuce abinta.

An kuwa ɗaga kai an dube ta. Wanda ya duba shi ne Nomau magini, ya ce, "Kai! Wannan ai azara ce." Ya kawo gatari ya sare ta. Ranar kuma matarsa ta sassare zogale don ta yi shinge.

Ruwa ya sauka. Kututturen zogale ya fito da toho ta ko'ina, har sandunan shingen suka yi ganye. Kututturen giginya ya lalube ɓawonsa sama da ƙasa, bai sami ido ko ɗaya ba. Haka ya zauna yana kallon mata sun dawo wajen zogale, har gara ta cinye shi. Ni dai tausayi take ba ni, duk da ita ta jawo wa kanta.

'Ya'yanta da suka faɗi ƙasa suka tsiro da halin uwarsu. Shi ya sa har yau in ka sare zogale sai ya dawo da rassa fiye da na da, giginya kuwa ranta ɗaya ne, yana can a ka. In aka taɓa shi, ta tafi ke nan.