Yadda Gonar Kura Ta Tsallake Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne!

Kura ce ta gaji gona a bakin tafki, gamba ta yi mata iyaka har gaɓar ruwa. Don tsoron ɓarayi sai ta tumɓuke gambar har saiwa, ta saƙa zana, ta kewaye gonar, ta sa ƙofa.

Damina ta kankama. Iska na koro igiyar ruwa, ruwa na zaizayar gaɓa. Kullum Kura ta duba, sai ta ga gona ta ragu.

Ta leƙa ƙetare wajen Kunkuru, ta tarar gonarsa ta ƙara faɗi, yana dashen shinkafa.

Ta ce, "Kai Kunkuru, wannan jar ƙasar ai tawa ce!"

Ya ce, "Wallahi Yaya Kura, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Tashi na yi na gan ta."

Suka tafi wajen Malam Dila. Dila ya ce, "Iska ke tura ruwa, ruwa ya ɗebi ƙasa nan ya sauke can. Saiwar gamba ce ke riƙe ta. Ina gambarki?"

Kura ta ce, "Tana can tana gadi, Malam. To amma ta ina ƙasar ta fita? Ƙofata a kulle take!"

Ta koma ta ƙara wa ƙofar kwaɗo. Ba a jima ba ruwa ya kwashe zanar, ya kai wa Kunkuru, shi kuwa ya kewaye shinkafarsa da ita. Kura na nan rungume da ƙofa, tana tambayar masu wucewa, "Ta ina?"

Ƙurunƙus kan kusu, shi ma ruwa ya kai shi ƙetare!