Fiffiken da Ba a Duba Ba

Akwai wani mutum da ke zuba wa ƙananan jirage mai a wani ɗan filin jirgi. Shiru-shiru ake ce masa, don ko taka shi ka yi shi ne zai ba ka haƙuri. Yayan matarsa ne ya samo masa aikin, wani matuƙi mai faɗa da ake kira Kyaftin.

Wata safiya Kyaftin zai ɗauki likita su je wani ƙauye su ɗauko mai naƙuda. Can babu mai ko ɗigo. Ya yi lissafinsa a tafin hannu: jirgin na shan lita arba'in a awa, zuwa da dawowa awa uku, ɗari da ashirin ke nan, a ƙara talatin saboda iska.

Man jirgin a cikin fukafukai biyu yake. Shiru-shiru ya hau tsani, ya tsoma sandar awo a na hagu, ya ga tamanin.

"Kai mijin ƙanwata, rijiya kake haƙa a can?" in ji Kyaftin. "Nawa ne?"

Shiru-shiru ya ninka tamanin ɗin a ka. "Ɗari da sittin, Yaya."

Sai da injin ya tashi Shiru-shiru ya lura tayar hagu na cikin wani ɗan kwari, jirgin ya karkace. In jirgi ya kwana a karkace, man gangarawa yake yi ɓangare ɗaya. Shi kuma bai duba na dama ba.

In ya yi magana, Kyaftin zai tsinka shi gaban likita, ƙila aikin ma ya tafi. In ya yi shiru, ƙila su dawo lafiya, babu wanda zai taɓa sani. Ƙila kuma.

Ya ruga gefen jirgin yana kaɗa hula. Kyaftin ya kashe injin ya leƙo.

"Lafiyarka kuwa? Matar mutane na can tana jira!"

"Yaya, ƙarya na yi maka. Ɗaya na auna."

Kyaftin ya fizge sandar ya hau da kansa ya auna na dama. Talatin da biyar. Ya daɗe a kan tsanin yana kallon jiƙaƙƙen bakin sandar. Ko iska ba ta tashi ba, injin zai mutu kafin su sauka, da mai naƙuda a baya.

Ya sauko a hankali, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni na azalzale ka. Jawo tiyo mu cika. Gobe in na yi maka tsawa, ka bar ni ina yi, ka gama awonka."

Darasi: In ka yi kuskure, faɗe shi tun ana iya gyarawa, ko da muryarka na rawa. Ku manya kuma ku rage tsawa, tana sa mutum ya ɓoye abin da zai cuce ku. Don Allah ku tura wa wani, ba ku san wa ke riƙe da magana a ciki ba.