Matar da Ta Tare Ƙofa

'Yan uwa masu bin wannan shafi, akwai wani maƙwabcina da ake kira Mai Taska. Tsohon direba ne, ba mata, ba ɗa, daga shi sai wayarsa mai fasasshen gilashi.

Tun da ya ajiye tuƙi ya kama wani aiki. Wai ya karanta a intanet cewa wani maƙerin zinariya ya taɓa binne tukunyar zinariya a bakin ƙofar shagonsa, kafin a rushe tsohon layinmu a yi sabon titi. Shi ke nan, ya shiga neman inda ƙofar take. Yana bin tsofaffin taswirori, yana shiga zaurukan intanet da ake saka tsofaffin hotuna, yana ƙura wa kowane bango ido.

In ya zo wucewa, mai aski zai ɗaga murya, "Attajiri, yau ma ba a tono ba? Ka tuna da mu ranar rabo!" Sai a kwashe da dariya. Ba mai ba shi wurin zama.

Ni kafinta ne, a tsohon layin na yi ƙuruciyata, don haka wurina yake zuwa. Ya zauna kan bencin da ban gama ba, ya miƙo waya. "Kafinta, wannan tagar ta gidan wa ce?" In ajiye zarto in duba. Ban taɓa yarda akwai tukunya ba. Amma tun da maman yara ta rasu na san yadda yini yake tsawo ga wanda ba shi da abokin magana.

Allah Ya jiƙanta, ba ta son hoto. Da ta ga an ɗaga waya sai ta kare fuska, ta ce, "Ku bari sai na shirya." Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta shirya ba. Hotonta ko ɗaya babu a gidana.

Wata rana 'yata da ke aure nesa ta kira ni. Muna cikin hira ta ce, "Baba, tawadar Allah ɗin nan ta fuskar Mama, a dama take ko a hagu?"

Na rufe ido ina neman fuskar, ga muryarta, ga tafiyarta, amma fuskar kamar an shafa mata ruwa. Na ce mata ina zuwa, na kashe waya. Na zauna cikin ƙurar katako.

A daidai lokacin Mai Taska ya faɗo shagon yana haki. "Kafinta, na samo sabo! Wani ne ya saka hotunan da babansa ya ɗauka."

Wallahi raina ya so in ce ya tafi. Sai na ga yadda ya tsaya riƙe da wayar, ya riga ya fara ja da baya, irin na wanda ya saba da kora. Na ce, "Zauna, Direba. Mu gani."

Ya ja hoton da yatsu biyu, ya ƙara girma. "Ga shagon, ina da yaƙini. Amma dubi wannan baiwar Allah, duk faɗin layin nan ba ta ga wurin tsayawa ba sai bakin ƙofar! Ta tare min komai."

Na duba. Mace ce da bokiti a hannu, ta juyo tana yi wa wani dariya, ba ta san ana ɗauka ba. Bokitin ma na gane shi, ni na gyara masa mariƙi.

Na ce, "Matata ce."

Mai Taska ya sake duban hoton. Can ya ce, "Kai, Kafinta, ka yafe ni." Da kansa ya ƙara jan hoton, ya bar ƙofar da yake nema ta fita daga gilashin, fuskarta kaɗai ta rage.

Washegari ya kawo min hoton an wanke a takarda. Ni na yi masa firam da hannuna. Shi kuwa har yau bai samu tukunyarsa ba, kuma kullum yana nan kan bencin, bencin ma na fasa sayar da shi.

Na kira 'yata. Tana ɗauka na ce, "A hagu take."

Darasi: Kada ka kori wanda kowa ya kora, ba ka san abin da Allah Ya ɗora masa ya kawo maka ba. Ku tura wa wanda kuka san yana zaune shi kaɗai, in da hali ma ku je ku zauna da shi.