Turame a Kan Hanyar Tifa

A Yangoji, can wajen Kwali, akwai wani manomin doya da ake kira Baƙo. Mutum ne mai baki, in ya miƙe a taro kowa sai ya kasa kunne. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da jama'a suka yi, gani yake shi ya yi. Na zauna a garin damina biyu, ko uku ne, tsufa ya fara ɗebe mini lissafi. Amma wannan labari bai kuɓuce mini ba.

Wani kamfani ya shiga haƙar yashi a rafin garin, tifa na kwasa zuwa Abuja. Gaɓar rafi ta dinga zaftarewa tana cin lambunan mata, ruwan sha ya koma kamar kunu. Sai masu zuwa coci da masu zuwa masallaci suka kafa ƙungiya. Suka ce ba su ƙi a gina Abuja ba, amma ba za a gina ta da rafinsu a bar su da laka ba. Suka naɗa Baƙo ciyaman.

Dabarar da ta yi aiki ta Rosemary ce, wata mai lambun tumatir. Ta ce tun da daka dole ne kullum, to a yi shi a kan hanyar tifa. Washegari mata suka gangaro da turamensu, suka jera su a kan hanya ɗaya tilo da ke shiga rafi. Nan ake surfe, nan ake dakan sakwara, nan ake hira. Direban tifa ya yi ta danna hon.

"Mama, ku ɗan matsa mana!"

"Oga direba, bari masara ta yi laushi," in ji Rosemary. "Yanzu muka buɗe buhu."

Da abin ya ishi manajan kamfanin, sai ya kira Baƙo cikin motarsa mai sanyi. Ya ce, "Ciyaman, ai kai ne garin. In ka ce su tashi, za su tashi." Ya ba shi wata 'yar riga mai sheƙi irin ta ma'aikata, ya ce daga yau shi ne wakilin kamfani a wajen jama'a. Ina tsammanin ba rigar ce ta kayar da Baƙo ba, maganar nan ce ta "kai ne garin".

Da safe ya zo sanye da rigar, ya tsaya gaban turame. "Na daidaita da su. Kowa ta ɗauki turminta ta koma gida."

Taɓare suka ci gaba da sauka. Ya ɗaga murya, ba wadda ta ɗaga kai. Sai ya kama turmin gidansa, ya mirgina shi gefen hanya don sauran su gani. Matarsa Glory ta bi turmin, ta mirgino shi, ta kafa shi dab da ƙafarsa.

"Maman Mato, ni za ki kunyata a gaban mutane?"

"Baban Mato, in a gida ne ka ce in tashi, zan tashi. Nan ba gidanka ba ne. Lambuna ne rafi ke ci."

Rosemary ta jingine taɓaryarta, ta share gumi. "Ciyaman, mu muka ɗora ka kamar tukunya. To, mun sauke. Matsa, kana tare mana iska."

Manajan yana kallo daga mota. Kafin azahar ya aiko direba ya karɓe rigar. Baƙo ya koma gida shi kaɗai, yara na cewa yau sunansa ya bi shi.

Matan ba su tashi ba. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, an yi musu barazana, suna nan. Tifa kuwa ba ta cin riba a tsaye, don haka a ƙarshe kamfanin ya kwashe injinsa. Ƙungiya ta kira gayya aka dasa gora da ciyawar jema a gaɓar rafi don su riƙe ƙasa. A ranar, Baƙo ya zo da fartanyarsa. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya kira shi ciyaman. Rosemary ta miƙa masa damin jema, ta nuna masa ƙarshen layi. Ya karɓa ya tafi.

Darasin shi ne, wanda jama'a suka sa a gaba, aron bakinsu suka ba shi, ba su sayar masa da kansu ba. Ranar da ya ɗauka shi ne garin, ranar zai ga garin ya tsaya ba shi. Ku kuma masu kare rafinku ko gonarku, kada sulalewar shugaba ta karya muku gwiwa. Ana iya janye mutum ɗaya da daɗin baki, amma ba a iya janye turmi in masu shi sun ƙi.