Kafar da Ke Saman Bango

Dalilin da ya sa maginanmu ke barin 'yar kafa a saman bango, ku matso ku ji, ku daina cusa mata tsumma.

A zamanin da, Wuta tana magana kamar ni da ku, ɗakuna kuwa ba su da kafa. Wuta ba ta ƙoshi da itace kaɗai, sai yayarta Iska ta shigo ta ciyar da ita.

Akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai kafiya kamar kututture. 'Yarta ɗaya tilo, Ladiyo, ta zo gida wankan jego ana tsakiyar marka. Tabawa ba abin da take tsoro kamar sanyi ya kama mai jego. Ta zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, ta kwantar da Ladiyo da jaririnta, ta liƙe kowace tsaga da laka, ta ja ƙyaure.

Iska ta zo bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, buɗe mini in duba ƙanwata."

Tabawa ta ce, "Ke mai kawo wa mutane mura? Yi gaba, ba a ɗakin 'yata ba!"

Daga ciki Wuta ta ce, "Gwaggo, yunwa nake ji. In ba ki bar Yaya ta shigo ba, abin da na samu shi zan ci."

Tsohuwa ta leƙa ta ƙara mata gawayi, ta ce, "Ga shi nan, uwar kwaɗayi." Ta sake rufewa, ta tafi dama kunun kanwa.

Wuta ta cinye iskar da ta rage a ɗakin. Da ta ƙare, sai ta juya kan numfashin masu barci. Ko tari ba su yi ba.

Tabawa ta dawo da kunu tana cewa, "Ladiyo, tashi ki sha da zafinsa." Ta taɓa ta, jiki da ɗumi, rai babu. Jaririn ma haka. Wallahi duk sanda na zo nan sai zuciyata ta karye.

Tabawa ta kurma ihu, ta sheƙa wa garwashin ruwa. Wuta ta ce, "Na faɗa ba a ji ba. Daga yau na yi shiru."

Ranar da aka kai su makwanci, Tabawa ta ɗauki gatari ta huda bangon da hannunta.

Shi ya sa har yau ake bar wa Iska hanya a duk ɗakin da ake hura wuta. Wuta kuwa yunwarta tana nan, faɗa ce kawai ta daina.